Abin da Tafiyar Landan ta Ci Mana

Tun ranar da yaronmu ya tashi zuwa Landan, a watan Satumba na 2024, da wuya mako ya cika wani bai tsare mu bayan sallar Isha'i ba. Wani addu'a yake so a yi wa ɗansa, Allah ya buɗe masa hanya kamar yadda ya buɗe wa namu. Wani lambar ejan yake nema. Wani kuma, Allah sarki, rance ya kawo shi, don a ganinsa mai ɗa a Ingila ya yi ban kwana da talauci. Addu'a kam muna yi, ba mu taɓa hana kowa ba. Amma mun lura idan muka tsaya a addu'a muka ɓoye lissafi, mun ci amanar mutanen da ke bin mu salla ranar da babban liman ba ya nan. Shi ya sa muka ce bari mu buɗe littafin rumfa a wannan mujalla tamu, kowa ya gani da idonsa. Yaron ɗan fari ne, ku yi mana uzuri ba za mu kama suna ba. Wanda ya san gidan ya san shi.

Mu a nan ba mu da bakin da za mu zagi tafiya. Dukanmu 'ya'yan tafiya ne. Kakanmu daga ƙasar Kano ya biyo jirgin ƙasa ya sauka Ibadan, 'yan shekaru bayan an yanka wa Hausawa wannan unguwa a 1916. Abin da ya zo da shi buzu ne da buta. Amma ya tarar da maigida. Maigida ya ba shi wurin kwana, ya ci da shi, ya tsaya masa aka ba shi huhun goro bashi, ya kai arewa ya sayar ya dawo ya biya. Haka aka gina Sabo: ka zo hannu wofi, a riƙe ka har ka tsaya da ƙafarka. Kuskurenmu na farko ke nan, da muka auna tafiyar Landan da mudun tafiyar kakanmu. Can babu maigida. Kuɗinka ne maigidanka, kuma tun kana ɗakin uwarka za a ce ka nuna su.

Yaron ya gama digirinsa na farko a fannin kwamfuta, ya ce yana son na biyu a Landan, shekara ɗaya. A farkon 2023 muka zauna da shi a rumfa muka buga lissafi. A lokacin idan ka bi ta banki da takardar da ake kira Fom A, fam ɗaya bai kai naira 600 ba. Komai da komai ya tsaya mana wajen naira miliyan 17. Da nauyi, amma ba abin da ya fi ƙarfin wanda ya shekara talatin yana kai goro arewa ba. Muka ce masa ya gama bautar ƙasa tukuna. Kafin ya gama, an cire tallafin mai a ƙarshen Mayu na 2023, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Ku da ke zaune a bakin titi kuna canji kun fi mu sanin abin da ya biyo baya. A watan Fabrairu na 2024 fam ya haura naira 2,000. Lissafinmu ya ninka fiye da sau uku, alhali ba a ƙara wa yaron ko darasi ɗaya ba.

Ga yadda kuɗin suka kasance lokacin da ya nemi biza. Makarantarsa, bayan ɗan ragin da suka yi masa, fam 15,000 ce. Sai da muka ba da fam 5,000 kafin alƙalami sannan suka aiko da lambar shaidar karɓa da suke kira CAS, wadda in babu ita ba a ma fara maganar biza. Kuɗin bizar ɗalibi fam 490. Sai kuɗin asibiti, wanda ake biya a dunƙule tun daga nan ko da ba za ka taɓa yin ciwon kai ba: fam 776 a shekara ga ɗalibi, kuma da yake bizarsa ta ɗara shekara da 'yan watanni, na shekara ɗaya da rabi aka caje shi, fam 1,164. Sai babban: dole ka nuna kuɗin ci da kwana, fam 1,334 a wata har wata tara ga mai zama Landan, wato fam 12,006. Waɗannan da ragowar kuɗin makaranta, fam 10,000, sai sun kwana 28 a jere cikin asusun yaron ko na iyayensa. In suka ragu ko na yini ɗaya, a koma farko. Ku haɗa da kanku: fam 28,660, sama da naira miliyan 57. Ba a sa gwajin tarin fuka a Ikeja ba, ba a sa zirga-zirgar Legas don ɗaukar hoton yatsu ba, ba a sa tikitin jirgi ba. Tikitin ma sa'a muka ci, don shigowar Air Peace hanyar Landan a ƙarshen Maris na wannan shekarar ta sa farashi ya ɗan sauka. A taƙaice naira miliyan 60 ake magana. Kuma wanda zai nema yau ya sani an ƙara: a Janairun 2025 kuɗin ci da kwanan ya koma fam 1,483 a wata, biza ta koma 524 a Afrilun 2025, kuma ba su daina ƙari ba.

A nan ne aka jarrabe mu, kuma ba za mu ɓoye ba. Wani ejan, wanda wani abokin kasuwa ya haɗa mu da shi, ya zo har rumfa. Ya ce, "Liman, me zai sa ka wahalar da kanka? Ai ba wanda ke da waɗannan kuɗin. Mu za mu zuba miliyan 44 a asusunka su kwana talatin, a buga takardar banki, mu kwashe abinmu. Kai dai ka ba mu miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. In yaro ya sauka zai yi aiki ya biya makaranta da kansa." Wallahi kwana uku maganar na yawo a kanmu. Muna jan salla muna tunaninta. Har mun fara nemo mata suna mai daɗi, wai ladan aiki ne, kamar la'adar dillali.

Uwargida ce ta kashe maganar. Da muka gaya mata da dare sai ta yi shiru, can ta ce, "Malam, in mace ta zo ta ce maka ta ari kuɗi na wata ɗaya za ta mayar da ƙari, me kake ce mata?" Ba mu amsa ba, don amsar a bakinmu take tun muna Islamiyya. Kuɗi a kan kuɗi saboda kwanaki riba ce, ko da wane suna aka kira ta. Kuma bayan riba ga shaidar zur: takarda ce za ta ce kuɗin namu ne alhali ba namu ba ne. Ta fuskar hukumarsu ma, wanda aka kama da yaudara a neman biza ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara goma. Washegari muka kira ejan muka ce mun gode.

To, sai neman na gaskiya. Muna da fuloti biyu a Moniya da muka saya tun kafin a kawo tashar sabon jirgin ƙasa wurin, muka sayar miliyan 22. Motar da ke kai mana goro arewa muka sayar miliyan 15, yanzu haya muke bi kamar kowa. Muka tsame miliyan 8 daga jari. Uwargida ta kawo gwal ɗinta da kuɗin adashin da take tarawa na aikin Hajji, miliyan 7. Ba mu tambaye ta ba, ita ta ajiye a gabanmu ta tashi. Sauran fam 4,000 abokanmu biyu 'yan canji suka ranta mana ba ƙarin ko kwabo, aka rubuta, aka sa shaidu, da sharaɗin fam aka karɓa fam za a mayar. Allah ya saka musu da alheri. Miliyan sittin ta cika, gida kuma ya zama fayau.

Akwai abin da ya fi sayar da mota ciwo. 'Yarmu ta biyu an riga an sa mata rana bayan babbar salla, dole aka ɗaga don babu kuɗin kayan ɗaki. Ba ta yi mana musu ba. Sai wata rana da ta kawo mana abinci rumfa, tana kwashe kwanuka ta ce, "Baba, in Yaya ya dawo, mu ma za a sayar mana da fili?" Da murmushi ta faɗa, amma mun ji ta har ƙashi. 'Ya'ya bakwai Allah ya ba mu. Mun sha tsayawa gaban jama'a muna cewa addini ya hana fifita ɗa ɗaya da kyauta a bar sauran, ga shi mun kwashe gumin shekara talatin mun ɗora a kan mutum ɗaya. Kafin ya tashi muka tara su duka, da ƙanenmu biyu a matsayin shaidu, muka rubuta cewa abin da aka kashe bashi ne a wuyansa ga gidan. In ya biya muna raye, alhamdu lillahi. In mun riga mu gidan gaskiya, a cire daga rabonsa, abin da ya haura ya cika wa 'yan'uwansa. Kuɗin mahaifiyarsa kuwa su ne farkon biya bayan na 'yan canji. Ya sa hannu yana hawaye. Ba mu yi haka don ƙi ba. Mun raba gado a unguwar nan ya fi sau ashirin, mun ga yadda irin wannan ke raba zumunci bayan an rufe uba.

Ya sauka Gatwick bayan tafiyar awa shida da wani abu, ya tarar neman ɗaki ya fi neman biza wuya. Kwana goma sha biyu ya yi a ƙasan ɗakin wani abokin karatunsa Bayarabe ɗan Mokola, wanda shi ma a takure yake. Duk inda ya je sai a ce ya kawo wanda zai tsaya masa, mai aiki a ƙasar, in ya kasa biya a kama shi. Wa ya sani? Daga ƙarshe ya samu ɗaki a Barking, can gabashin gari, fam 700 a wata, su biyar a gidan, kicin ɗaya, banɗaki ɗaya. Da yake ba shi da mai tsaya masa, sai da ya biya hayar wata shida a dunƙule, fam 4,200, da kuɗin ajiya na mako biyar, wanda shi ne iyakar da dokarsu ta yarda mai gida ya karɓa, fam 807. Cikin mako biyu fam 5,000 sun tafi, naira miliyan 10, a kan ɗakin da ya ce in ya shimfiɗa darduma ƙofa ba ta buɗuwa. Da ya nuna mana ta waya, uwargida ta ce ɗakin ajiyar goronmu ya fi shi faɗi. Gaskiya ta faɗa.

Yanzu ga lissafin da muke so kowane uba ya riƙe, don a nan ejan ke cin mutane. Ɗalibi awa 20 kawai doka ta yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu. Mafi ƙarancin albashi a lokacin fam 11.44 ne a awa, a watan Afrilu na 2025 ya koma 12.21. Ka buga awa 20 a kan 11.44, fam 229 ke nan a mako, wajen fam 990 a wata, in an ba ka awannin duka, kuma ba kullum ake ba ka ba. Shi wata uku ya yi yana nema kafin ya samu aikin dare a wani gidan ajiyar kaya. Abin da yake kashewa kuwa: haya 700, mota da jirgin ƙasa wajen 130, abinci 200 in da kansa ya dafa, waya da sabulu da sauran tarkace 50. Fam 1,080 ke nan. Ko a watan da aiki ya cika, albashin bai rufe ci da kwana ba. To daga ina fam 10,000 na makaranta za su fito? Wanda ya ce maka yaro zai biya makaranta da aikin awa 20 a Landan, ko bai iya lissafi ba, ko ya iya yana so kai kada ka iya.

Ba mu kaɗai muka gani ba. A watan Mayu na 2024 BBC ta ba da labarin ɗaliban Najeriya a wata jami'a ta arewacin Ingila da faɗuwar naira ta hana su cika kuɗin makaranta, aka dakatar da su, aka kai sunansu hukumar shige da fice. In makaranta ta janye hannunta, kwana 60 ake ba mutum ya tattara. Yaronmu ya haɗu da wani ɗan Hausawan kudu irinmu da ya bi hanyar ejan. Ya sauka da fam 600 a aljihu, makaranta ta kore shi a zango na biyu, yanzu yana ɓuya yana aikin da ake biyansa rabin albashi a hannu. Ba ya iya dawowa don kunyar abin da aka sayar, ba ya iya zama cikin kwanciyar hankali. Iyayensa har yau suna amsa barka. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Masu aure kuma su sani: tun Janairun 2024 mai digiri na biyu irin na shekara ɗaya ba ya tafiya da mata ko 'ya'ya. Hanyar aikin kula da tsofaffi da mutane suka yi ta bi, ita ma an hana tafiya da iyali tun Maris na 2024, a watan Yuli na 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbi daga waje. Duk wanda ya zo maka da ita yau yana neman miliyoyi, ka riƙe aljihunka.

Ba za mu ce babu alheri ba, kada mu yi wa garin ƙarya. Motar haya ba ta karɓar tsabar kuɗi, da kati ake shiga, fam 1.75 a 2025, kuma cikin awa ɗaya kana iya sauya mota ba ƙari. Wuta ba ta ɗaukewa. Da zazzaɓi ya kama shi ya ga likita bai biya komai a wurin ba, kodayake mun riga mun biya tun daga nan. Naman halal ba ya wuya a gabashin Landan. Juma'a yakan je babban masallacin Whitechapel, wani lokaci ya ƙetare kogi zuwa masallacin 'yan Najeriya da ke Old Kent Road, ya biya Peckham ya sayo garin rogo da manja. Ya ce ya ga goro a can ana sayarwa ƙwaya-ƙwaya, duk ya bushe, irin wanda mu a nan sadaka muke yi da shi. Abin da ya fi ba shi wuya lokutan salla ne. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk cikin awa huɗu, yana aji ko yana barcin gajiyar aikin dare. A watan Yuni kuwa sai bayan tara na dare ake Magariba, alfijir ya keto kafin uku. Ya taɓa kiranmu ya ce, "Baba, Asuba tana kufce mini." Wannan kiran ya fi duk na kuɗi tayar mana da hankali, amma mun gode Allah da abin ya dame shi har ya faɗa.

Yau wata goma sha uku ke nan. Ya gama karatu, yana jiran sakamako. Ko fam ɗaya bai aiko gida ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Abin da ya rage a hannunsa fam 4,300 ne, bizarsa kuma za ta ƙare a watan Janairu. Hanya biyu ce a gabanmu. Ko ya biya 'yan canji fam 4,000 ɗinsu ya dawo gida da takardarsa, ya nemi aikin naira, bashin gida kuwa sai yadda Allah ya yi. Ko ya nemi bizar shekara biyu da ake ba waɗanda suka gama, wadda ke ba shi damar cikakken aiki: fam 880 kuɗinta a 2025, da na asibiti fam 1,035 a shekara, jimla 2,950. In ya bi wannan, masu bashi sai su ƙara haƙuri, kuma ba wanda ya yi masa alkawarin aikin da ya karanta. Mun je mun same su mun faɗa musu yadda ake ciki. Ɗaya ya ce a ba shi shekara. Ɗayan ya yi shiru, kuma yana da gaskiya, jarinsa ne. Uwargida ba ta ce komai ba, amma kujerar Hajjin 2025 daga nan kudu ta haura naira miliyan 8, kuma mun ga yadda take kallon maniyyata ranar da ake rakiyarsu. Auren yarinya an yi shi bayan shekara guda, da rabin kayan da muka yi niyya. Muna ta istihara, har yanzu ba mu yanke ba.

Don haka, ɗan'uwa, in ka zo bayan Isha'i za mu yi maka addu'a kamar kullum. Amma ka zo da takarda da biro. Mu rubuta kuɗin makaranta duka, ba kafin alƙalami kaɗai ba. Mu rubuta na wata tara, mu ƙara hayar wata shida irin wadda aka nemi yaronmu ya biya a dunƙule a 2024, mu buga da farashin fam na ranar a bakin titi, mu ƙara wani abu don naira ba ta da alkawari. Sannan ka tambayi kanka abu uku: in kuɗin nan ba su dawo ba har abada, gidan zai ci abinci? Sauran 'ya'yan sun sani, sun yarda, an rubuta? Akwai riba ko ƙarya a ciki? In ɗaya ta ba ka tsoro, akwai garuruwan Ingila da ba su kai Landan tsada ba, akwai wasu ƙasashen, akwai kuma jami'ar Ibadan nan kusa da mu, kuɗin mota ɗaya daga Mokola. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wanda ke da ɗa a can kuma, ya daina amsa barkar da ya san ba ta tabbata ba. Faɗin gaskiya ba tonon asiri ba ne, ceton ɗan maƙwabci ne. Ku sa mu a addu'a kan shawarar da ke gabanmu kafin Janairu. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu na gida da na waje, ya biya wa kowa bashinsa, ya kai uwargida da sauran masu niyya ɗakinsa mai alfarma. Wassalamu alaikum.